Fatar Jirgin Bom: Gardamar Uba da Ɗa a Ollelewa

Da kakar bara, lokacin da ake ɗaurin gero ana kai wa rumbu, ɗan yayana ya zo hutu gida Ollelewa daga Damagaram inda yake karatu, da wata tsohuwar kwamfuta a jakarsa. Kullum da hantsi sai ya kai ta rumfar mai cajin waya, inda faranti biyu na hasken rana ke ciyar da wayoyin rabin unguwa, da la'asar ya ɗauko ta ya zauna a zaure. Na zaci darasi yake bita. Ran da na leƙa, sai na ga allon cike da wani abu kamar fatar rago da aka feɗe aka shanya: ga fiffike can gefe guda, ga jela, ga ciki an baje, ga hanci an tsaga shi biyu.

Ya ce, "Baffa, fatar jirgi ce. Masu wannan aikin ma haka suke kiranta, fata."

Jirgin shi ne Bristol Blenheim, mai jefa bom na Ingila, inji biyu, mutum uku a ciki, wanda ya yi zamani a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. A manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgi, ƙirar jirgin daban take, fentin da ake lulluɓa mata daban. Mai so ya ɗauko fatar ya buɗe ta a manhajar zane, irin su GIMP da ake samu kyauta, ya yi ta aiki hawa-hawa. Hawa na farko launin jiki, ruwan ƙasa da ruwan yashi a sama, shuɗin samaniya a ciki. Na biyu tambarin rundunar da lambar jirgin. Na uku kuwa datti: baƙin hayaƙi a bayan inji, ɗigon mai, wurin da takalmin matuƙi ya goge fenti a gindin fiffike. Yaron ya kwana goma sha ɗaya a kan wannan fatar. Da ya gama ya lulluɓa wa jirgin, ya tashe shi daga Kano, ya miƙo arewa, ya ratsa Damagaram, ya bi kan hanyar Tanut har muka hango matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 kusa da Bakin Birji. Ban ɓoye ba, abin ya burge ni.

Ubansa kuwa abin bai burge shi ba. Yaya ya daɗe tsaye a bayanmu ba mu sani ba, sannan ya ce, "Kai yaro, wannan da kake ta yi wa kwalliya, me yake ɗauka a cikinsa?"

"Bom, Baba."

"To wa ake zuba wa?"

Daga ranar aka buɗe gardama a gidanmu, ta kai har bayan yaron ya koma makaranta, kuma ni da na tsaya tsakani na gane maganar ta wuce uba da ɗa.

Hujjar Yaya ba ta jahilci ba ce, kuma duk wanda ya ɗauke ta a haka bai saurara ba. Abin da yake cewa shi ne, tun da aka ƙirƙiri jirgin bom, mu mutanen wannan yanki a ƙarƙashinsa muke, ba a cikinsa ba. Tarihi yana bayansa. Bom na farko da aka taɓa jefowa daga jirgin sama mai inji a Afirka ya faɗo, ranar 1 ga Nuwamba 1911, lokacin da wani hafsan Italiya, Giulio Gavotti, ya saki gurneti da hannunsa a kan Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus, garin da ayarin kakanninmu ke fitowa su biyo ta Gat da Agadas su sauka nan Damargu. Shekara goma sha huɗu cif bayan haka, 1 ga Nuwamba 1925, jiragen farko suka sauka Kano, guda uku ƙirar DH.9A daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham. Ana ba da labarinsu kamar baƙin biki, alhali ƙirarsu ta jefa bom ce, kuma irinsu Ingila ke ladabtar da ƙabilun Iraƙi da su a waɗannan shekarun. Ba a buƙatar tono nisa ma. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta bisa kuskure a kan sansanin ƴan gudun hijira a Rann, jihar Borno. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi ya saki bom kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Kaduna, aka binne mutum sama da 80. Mutumin da ya ji waɗannan a rediyo, ya kuma san shekarun da jirage marasa matuƙa suka yi suna tashi daga Agadas, ba za ka ce masa fentin jirgin bom wasa ne kawai ya yarda ba.

Akwai wani abu mai zurfi a maganarsa da sai daga baya na kama. Allon kwamfutar a kujerar matuƙi yake zaunar da kai. Daga can sama gari ɗigo ne, rumbu ba ya ganuwa, mai daka da mai ban ruwan dabbobi babu su. Wasu manhajojin, irin Microsoft Flight Simulator da ya dawo a 2020 da taswirar duniya duka, tuƙi ne zalla, ba a harbi a cikinsu. Wasu kuwa, irin War Thunder da IL-2 Sturmovik, yaƙi ake yi, ka auna, ka saki, a ba ka maki. Yaya ya ce yaron da ya saba kallon duniya ta wannan tagar, ko bai taɓa kashe ƙuda ba, an koya wa idonsa ganin mutane kamar tururuwa. Fentin kuma shi ke ƙara wa abin armashi, don takobi mai kube na ado ya fi shiga rai. Ya ƙara da ƙananan ƙorafe-ƙorafe: lokacin da ake ɓatawa, kuɗin intanet, da hotunan mata tsirara-tsirara da sojojin Amurka suka riƙa zanawa a hancin jiragensu, waɗanda masu son kwaikwayo sak suke sake zanawa. Waɗannan yaron ya amsa su cikin sauƙi, ya ce shi bai taɓa zana mace ba kuma ba zai zana ba. Ta kujerar matuƙin ce ta tsaya masa a maƙogwaro.

Amsar da ya kawo bayan kwana biyu ta ba ni mamaki, don da laifin kansa ya fara. Ya ce, "Baba, tafiyar da na nuna muku ranan, daga Kano zuwa nan, ƙarya ce. A 1941 jirgin Ingila ba zai bi ta kan Damargu haka ba. Kuma fentin ne ya sanar da ni."

Ga yadda abin yake. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus a Yunin 1940, Italiya kuma ta shiga yaƙi, Bahar Rum ya zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai suka koma kawo jiragen sama a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, El Geneina, El Fasher, Khartum, sannan a bi Kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000. Ayari na farko ya tashi a Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi hanyar. Ayari na ce, don kuwa tsarin ayari ne: Blenheim a gaba da mai duba hanya a cikinsa kamar jagaba, ƙananan jirage ƙirar Hurricane na biye da shi. Wasunsu an shafa musu farin fenti a gadon baya da jela don in sun faɗi a daji masu nema su hango su. Kano, zangon fatake tun zamanin raƙuma, ta sake zama zango.

Me ya hana su ɓullowa ta Nijar? Yaron ya gano amsar ne yana neman tambarin da zai liƙa a fiffike. Tambarin Ingila zobe ne, shuɗi a waje, ja a tsakiya. Na Faransa akasin haka, ja a waje, shuɗi a tsakiya. Amma a waɗannan shekarun Faransa biyu ce. Chadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle tun Agustan 1940, kuma jiragen Blenheim ɗin da Faransawan de Gaulle suka kai hari Kufra da su a farkon 1941 suna ɗauke da gicciyen Lorraine mai hannu biyu. Nijar kuwa, tare da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa, ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wadda ta miƙa wuya ga Jamus, har Nuwamban 1942, kuma jiragen Vichy an yi musu ratsin ja da rawaya a jela da bakin inji. Fenti iri uku, iko iri uku, tsakanin Kano da Damagaram da Fort Lamy. Iyakar da ɗan Damargu ke ƙetarawa ya kai dabba kasuwannin ƙasar Kano ta zama bakin daga, ba tare da an tambaye shi ba.

Yaron ya ce duk shekarun da ya yi a aji an karantar da shi yaƙin Normandi da na Stalingrad, amma babu wanda ya gaya masa cewa a Janairun 1942 wani jirgin Jamus ƙirar Heinkel 111 ya ƙetaro Sahara ya ƙone ma'ajiyar man Fort Lamy don ya yanke wannan hanyar. Bai san sojojin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu da Hausa ake ba su umarni, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan na Burma a 1944 abincinsu da harsashinsu na saukowa daga sama ba. Neman launin da ya dace ya kai shi ga lambar jirgi, lambar ta kai shi ga runduna, rundunar ta kai shi ga hanya, hanyar ta dawo da shi gida. Waiwaye adon tafiya, in ji shi, kuma shi ta wannan ƙofar ya samu ya waiwaya.

A nan na fara karkata wajensa, kuma ina da dalilina na kaina. Mu mutanen ginin ƙasa ne. Mun san abin da ba a yi wa yaɓe damina na cinye shi. Duk wanda ya zaga Birni da Zango a Damagaram ya ga fuskokin gidaje da zanensu ya san ba hannu ɗaya ya riƙe su har yau ba, magini bayan magini ne ke sabunta su. Maginan ƙasar Hausa kuma ba su ji kunyar sa keke da agogo da jirgin sama a bangon attajiri ba, kamar yadda masu fentin manyan motoci ke zana zaki da dawaki a bayan gingimari. Sake fenti a wurinmu hanyar riƙe abu ce. Cikin dubban Blenheim da aka ƙera, guda ɗaya tak ke iya tashi yau, yana Duxford a Ingila, shi ma haɗe-haɗe ne, gangar jikin daga Kanada, hancin kuwa ya yi shekaru a matsayin ƙaramar mota kafin a mayar da shi jirgi. Ɗan Tanut ko Belbeji ba zai je Duxford ba. In zai ga kamannin abin da ya ratsa samaniyar Kano a 1941, a allo zai gani. Sannan hannun da ya koyi baje fata, auna launi da karanta tsohon hoto mai baƙi da fari ya koyi sana'a, ko da gobe fastar maganin dabbobi zai zana da ita.

Sai dai fenti na ƙarya, kuma a nan gardamar ta yi kauri. A 2012 aka tsinci wani jirgi ƙirar Kittyhawk a hamadar yammacin Masar, kusan yadda matuƙinsa Dennis Copping ya bar shi a Yunin 1942 ya shiga rairayi da ƙafa bai dawo ba. Shekara saba'in rana da iska suna rubutu a jikinsa. Da aka kai shi gidan tarihi na El Alamein sai aka shafe shi da sabon fenti mai ƙyalli, aka zana masa bakin kifi mai haƙora, masana suka yi ta kuka don abin da aka shafe ba ya dawowa. Jirgin Lancaster da rundunar saman Ingila ke tashi da shi a bukukuwa an gama ƙera shi a 1945, bai je yaƙi ba, amma lokaci-lokaci ana sauya masa fenti ya ɗauki kamannin wani da ya je. Enola Gay ma, da ya saki bom ɗin nukiliya kan Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, alamar wata runduna daban aka zana masa a jela don ɓad da sawu. Kuma a 1995, da gidan tarihin Smithsonian na Amurka ya shirya nuna shi tare da hotunan mutanen da bom ɗin ya ƙona, ƙungiyoyin ƴan mazan jiya da ƴan majalisa suka tayar da ƙura har aka soke tsarin, aka nuna jirgin kusan shi kaɗai, yana sheƙi.

Uba da ɗa, kowannensu ya ja waɗannan labaran wajensa. Yaron ya ce ai wannan shi ne alherin fentin allo: ba ya taɓa ainihin ƙarfen, in ka yi kuskure ka goge, in wani ya fi ka sani ya gyara maka, da an bar Kittyhawk ɗin da tsatsarsa an yi kwalliyar a kwamfuta da babu asara. Yaya ya ce labarin Enola Gay nasa ne: ko a ƙasar masu jirgin, da aka zo zaɓe tsakanin fenti da gawa, fenti aka ajiye. Ya ƙara da cewa kuskuren gidan tarihi a ɗaki ɗaya yake zaune, amma fatar da aka ɗora a intanet mutum dubu za su sauke ta, kowa ya tafi da ita a matsayin gaskiya.

Na auna, na sake aunawa. Ban yarda da Yaya cewa a bar abin ba. Haramta wa yaro kallon jirgin bom ba zai rage ko guda cikin masu shawagi a kanmu ba, sai dai ya bar labarin a hannun waɗanda suka saba ba da shi daga kujerar matuƙi. Amma ban yarda da yaron cewa samun launi daidai ya wadatar ba. Za ka iya dacewa da kowane ɗigon mai a fiffike, ka kuma bar rabin gaskiya a ƙasa. Wa ya share filayen saukar Kano da Maiduguri, ya cire kututture, ya daɓe ƙasa? Wa ya yi dakon gangunan mai? A wannan gefen iyakar, hatsin wa da raƙuman wa aka karɓe da sunan yaƙi, su wa aka kwasa aikin dole, wanda ba a soke shi a ƙasashen mulkin Faransa ba sai 1946? Waɗannan mutanen ba su da tambari, ba su da lamba a jela, shi ya sa mai fenti ke wuce su.

Akwai misali a ƙasarmu da nake ganin ya haɗa sama da ƙasa. Ranar 19 ga Satumba 1989 bom ya tarwatsa jirgin UTA a sararin Tenere, bayan ya taso daga Njamena zai je Paris, mutum 170 suka mutu. A 2007 iyalansu, tare da mutanen yankin, suka jera baƙaƙen duwatsu a kan rairayi cikin babban da'ira, siffar jirgin a tsakiya, suka kafa fiffikensa guda a tsaye da sunayen mamatan, suka kewaye wurin da madubai 170 fasassu. Ana ganinsa a hoton tauraron ɗan'adam. Surar jirgi ce, amma duk wanda ya hango ta daga sama mutane yake tunawa. Na gaya wa yaron abin da nake so daga gare shi ke nan: duk fatar da zai saki, ya haɗa ta da bayani da Hausa da Faransanci, ya faɗi jirgin, shekarar, hanyar, abin da ya ɗauka da inda aka sauke shi, da waɗanda suka yi masa bauta a ƙasa. Inda hoto bai nuna masa launi ba ya rubuta cewa ƙiyasi ya yi. Kuma in zai tashi jirgin Ingila na 1941, ya bi da shi Maiduguri, ya bar Damargu.

Yaya bai sauko ba. Har yau in maganar ta taso cewa yake makami makami ne ko an yi masa lalle. Abu ɗaya dai ya faru daren da yaron zai koma. Ya sake tashin jirgin don ya gwada wani gyara, ya yi ƙasa-ƙasa da shi a kan hanyar Sabon Kafi, sai uban ya matso da tabarmarsa ya ce ya tsaya. Ya sa yatsa a kan wani ɗan tabo mai duhu a allon ya ce wannan tafki ne, ya faɗi sunansa, ya faɗi shekarar da ya ƙafe tun kafin kaka har aka rasa shanu. Taswirar ba ta da sunan. Ya nuna wani, ya nuna tsohuwar rijiya, ya nuna inda ayarin gishiri ke sauka in sun fito Bilma. Yaron ya jawo littafinsa ya fara rubutawa, batirin na nuna saura kaɗan.

Yanzu DH.9A yake yi wa fata, na 1925 ɗin nan, mai fiffike biyu na katako da zane, ruwan azurfa. Ya aiko mini da saƙo makon jiya yana tambaya ko na san wani tsoho a Kano da kakansa ya ga saukarsu, don yana son ya ji ta wane gefe mutane suka tsaya, da abin da suka yi da suka ji ƙarar.